'Yan Matan Yaya Saude

Yaya Saude ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a layin karɓar kumallo a makaranta, faranti a hannu. Ƙaninta ne ya turo min voice note daga gida. Na saurara, na mayar baya na sake saurara. Sai da yarinyar da ke bayana ta taɓa min kafaɗa na gane layi ya tafi ya bar ni.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Na so in rubuta abu mai sanyi irin wanda kowa ke rubutawa, amma raina a ɓace yake. Mutuwa ta Allah ce, ba ni da ja. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne abin da muka yi wa baiwar Allahn nan, mu 'yan uwanta na Guangzhou, nan ƙasar Sin. Ku yi haƙuri, post ɗin zai yi tsawo.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Saude 'yar ƙasar Katsina ce, tana PhD a fannin ginin yumɓu a wata jami'a da ke yankin Panyu na garin nan. Ba abin da ya haɗa mu na jini, girme ni kawai ta yi nake ce mata Yaya. Ciwon ƙoda ne ya mayar da ita gida watannin baya, can kuma Allah Ya karɓi kayanSa.

Ranar da na sauka a garin nan ban san kowa ba. Wata ce ta ba ta lambata. Ta same ni zaune a kan akwati a bakin metro ina sharar hawaye, ta ce, “Tashi, malama. Nan ba a kuka a hanya, ɗaukar ki za su yi a waya.”

Ita ta koya min amfani da katin metro. Ita ta nuna min shagunan taliya masu koren allo inda Musulmi ke ci hankali kwance. Yajin da na ci a shekarata ta farko kaf daga gwangwaninta ya fito.

Sai kitso. In kin ga 'yar Arewa a Tianhe ko Panyu kanta tsaf, ba sai kin tambaya ba, hannun Yaya Saude ne. Ba ta karɓar komai. Ladanta kawai ki zauna tsakanin ƙafafunta ki sha labarin 'yan matanta, ko kina so ko ba kya so, tunda gashinki na hannunta ba inda za ki.

Bari in gaya muku su waye 'yan matan.

Akwai wasu mutane da suka zauna a bakin teku a ƙasar da yanzu ake kira Ecuador, a Kudancin Amurka, shekaru dubbai kafin jirgin Bature na farko ya isa nahiyar. Masana na ce musu mutanen Valdivia, sunan wani ƙauye ne kusa da inda aka tono kayansu. Sunan da su suke kiran kansu ba wanda ya sani, don ba su bar rubutu ba. Sun noma masara da kabewa da auduga, sun kama kifi, sun gina tukwane. Sun kuma bar wasu 'yan mutum-mutumi na yumɓu, yawancinsu mata, da yawa ba su kai tsawon tafin hannu ba.

Fuskar ba wani abu ba ce, ɗan zane na ido, ɗan zane na baki, shi ke nan. Hannuwan ma wani lokaci da ƙyar ake gane su. Amma gashin kai, nan aikin yake. Kowacce da nata gyaran. Wata ya zubo mata har baya, wata an tara shi sama, wata an aske gefe guda an bar gefe.

Takan miƙo min hoto a waya ta kan kafaɗata tana cikin kitso, ta ce, “Hafsa, duba nan. Wanda ya yi wannan bai damu da hanci ba, bai damu da yatsu ba, ya zauna ya ƙare lokacinsa a kan gashi. Ki gaya min tsakani da Allah, namiji ne zai yi haka? Wallahi makitsiya ce.”

In ce, “To ki je ki tambaye ta mana.”

Sai ta ja min gashi.

Ba ta taɓa zuwa Ecuador ba. Ta nema, bai yiwu ba. Sau ɗaya ta ga na ainihin da idonta, lokacin da aka kawo wasu wani gidan tarihi a nan, a bayan gilashi. Ta ce ta manna hanci a gilashin har mai gadi ya zo ya tsaya a kanta. Tunda ba a bari a taɓa, sai ta yanke shawarar ta gina irinsu da hannunta, ko ta gane yadda hannun waɗancan ya yi aiki. Ta mulmula yumɓu sanda biyu ta haɗa, ta raba ƙasan ya zama ƙafafu, ta fitar da kai, sannan ta zauna a kan gashin. Ta gwada da ƙaya, ta gwada da farce, ta gwada da ɓawon kifin teku. Ta shafa jar ƙasa, ta goge da ɗan dutse har ya yi sheƙi, ta gasa. Shekarun karatunta kaf a kan wannan suka tafi.

Ta gaya min yawancin na ainihin a karye ake tono su, a juji bayan gidaje. Wasu masana na ganin wajen neman waraka ake amfani da su, wasu na ganin wajen bikin 'yan mata ne, amma ba wanda ya tabbatar. Wannan rashin sanin yana ci mata rai ƙwarai.

Mu kuma nan me muka sa mata? Mai Gumaka.

Ranar Sallah in ta shigo taro a Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi yawa, sai ka ji wani ya ce, “Mai Gumaka ta iso,” a kwashe da dariya. Masu dariyar nan har da waɗanda ta yi kwana biyu tana gyara kan matansu. Ba ta tankawa. Sau ɗaya na ji ta ce wa wani, “Ni dai ban taɓa yi wa ɗayarsu ruku'u ba. Karatu nake yi.”

Ni ba malama ba ce, kuma don girman Allah kada wanda ya cika min comment da fatawa yau. Ita da kanta ta bi malamai ta tambaya. Wani ya ce mata kaza, wani ya ce kaza, ta riƙi abin da zuciyarta ta natsu da shi, tana sallarta tana azuminta. Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne.

Ga inda maganar take. Mahaifiyarta, Inna, maginiyar tukwane ce a ƙauyensu. Randa da tulu da kasko, da su ta yi wa Yaya Saude komai, kuma ita ta fara sa mata yumɓu a hannu. Yanzu idon Inna ya yi rauni, yanar ido ta rufe shi. In Yaya Saude ta nuna mata aikinta a video call sai ta ce, “Ina dai ganin haske, 'yar nan.” Burin Yaya Saude ɗaya ne, 'yan matan nan su isa hannun Inna ta shafa su, ta san abin da ya riƙe 'yarta a ƙasar Sin duk shekarun nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ɗakinta na Panyu ne, ana gobe za ta tafi. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Na same ta ta riga ta naɗe wasu, muka ƙarasa sauran tare, kowacce a cikin tsohuwar safa ko yankin zani, muka jera a kwali. Ba za ta iya tafiya da shi a jirgi ba. Ita kanta a keken marasa lafiya za a tura ta, ga yumɓu da nauyi, ga yadda ake jifa da kaya. Sai dai a ba masu cargo su buga masa akwatin katako.

Da muka gama ta dube ni ta ce, “Zauna. Kanki kamar sheƙar tsuntsu, ba zan tafi in bar ki haka ba.”

Na ce ta bari, ba ta da lafiya. Ta ce in rufe mata baki. Tana yi tana hutawa. Can ta ce, “Hafsa, ki tabbata sun isa hannun Inna. Hannu fa na ce.”

Na ce in sha Allahu.

Kwalin muka kai wurin Hajiya Baraka. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san Hajiya, 'yar Maraɗi, mai dafa tuwo a wani bene bayan titin Huanshi Lu, uwar kowa. Wurinta ya fi kusa da ofisoshin masu cargo. Ta san Yaya Saude na aikin yumɓu, har kwano ta taɓa gina mata, don haka ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Ta ce, “Kayan lakwal ne ko, na karatunta? A sa a sito, ba mai taɓawa.”

Daga nan na fara yawo.

Na farko Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi, wanda duk wata sai ya tura kwantena. Na nuna masa hotunan a waya don ya san irin akwatin da za a buga. Ya mayar min da wayar da sauri. “Sister, ni ba na sa gunki cikin container na. Kaya na mutane yana ciki. In ruwa ya ci jirgi, wa za a ce?”

A bayansa, wallahi, mutum-mutumin tallan kaya ne jibge har rufi, irin waɗanda masu boutique ke sa wa riga. Na nuna masa su. Ya yi murmushi ya ce, “Duba da kyau, my sister. Wanne yana da kai?”

Na je wurin wani ɗan Kano, ya ce kwastan za su ɗauka kayan tarihi ne su riƙe masa kaya. Na ce makaranta za ta ba da shaida. Ya ce to in an buɗe a gida fa, a ce ya fara ɗauko tsafi, sunansa ya ɓaci a kasuwa? Na uku ko kallon hoton bai gama ba ya ce min, “Meiyou space,” wato babu wuri, sai ka ce ɗan China. Mutumin da na sani sarai har injin markaɗe yana cusa wa mutane a lungun kwantena.

Mutanen nan suna tura takalma, gashin doki, fitilun rawa, 'yar tsana ta roba buhu-buhu. Kwali ɗaya na marar lafiya ya gagara.

Duk lokacin da muka yi waya sai ta ce, “Ya 'yan matana?” In ce suna nan, ana kan magana. A wayarmu ta ƙarshe muryarta ta yi ƙasa sosai, amma sai da ta tambaya.

To yau da na ji labari na ajiye farantin na hau metro zuwa Xiaobei, don na san gidan Hajiya za a taru. A hanya ina duba waya, status kala-kala. “Mun yi rashin 'yar boko, abin alfaharin Arewa.” “Mace mai ilimi da tarbiyya.” Har da mutumin nan mai cewa “Mai Gumaka ta iso” a taron Sallah, ya sa hotonta da alamar kuka jere. Na kashe wayar kafin in rubuta abin da zan yi nadama.

Na tarar mata sun cika falo. Hajiya na ganina ta taso, idonta jawur, ta kama hannuna ta ja ni sito. Ta ce, “Taho ki gani, ɗiyata. Na yi mata abin da zan iya.”

Kwalin a buɗe yake.

An cire safa da tsummokaran da muka naɗe su da su, an sake naɗe kowacce a cikin farin yadi sabo, an jera su tsaf. Na ɗauki ɗaya na warware. Babu kai. Na warware ta biyu, babu kai. Na bi su duka.

Ko ɗaya ba ta da kai.

Hajiya tana kuka tana yi min bayani. Ta ce da ta ji rasuwar ta buɗe kwalin don ta san abin da ke ciki, tunda kayan mamaci haƙƙin magada ne. “Ɗiyarmu na can kwance, gari na wayewa za a kai ta, ga waɗannan a ɗakina da kawunansu. Ranar tsayuwa a ce ta busa musu rai, ina za ta samo rai, Hafsatu? Na kira malam, ya ce in an cire kai babu sauran hoto. Na ce wallahi kafin a sa ta a ƙasa sai na sauke mata wannan nauyi.”

Da bayan wuƙar yanka nama ta yi, ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana mata addu'a.

Na ce ina kawunan? Ta ce ta ƙulle a leda ta kai bola a ƙasan bene.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na tarar da mazuban shara wayam, wata dattijuwa mai shara tana wanke su da tiyo. Na yi mata kwatance da hannu, na haɗa da ɗan yaren da na iya. Ta nuna min titi inda mota ta bi, ta ce, “Meiyou.”

Na tsaya a wurin, ruwan wankin shara na bi ta kan takalmina.

Kun san abin da ya fi ƙona min rai? Ba ni da wanda zan zaga. Da mugu ne ya yi, da na samu inda zan sauke abin da ke cikina. Amma Hajiya ce. Matar da lokacin da Yaya Saude ke kwance a asibiti a nan kullum sai ta aika mata kunu da farfesu, ta ƙi ko a gode mata. Don so ta yi. Ta yarda har zuciyarta ceton 'yarta take yi, kuma da na koma sama kallona take tana jiran in ce mata sannu da ƙoƙari.

Waya ɗaya fa. Ta kira malam, ta kasa kiran wadda ta kawo kwalin. Mata cike da falo suna jin ƙarar wuƙa a sito, duk sun san ni, duk suna da lambata, ba wadda ta ce a jira Hafsa.

Ina zaune sai ga Alhaji Mumuni ya zo ta'aziyya. Aka ba shi labari. Ya gyaɗa kai ya ce, “To yanzu babu matsala. Sister, kawo shi gobe. Ni zan kai shi har Katsina, sadaka na ga mamaci.”

Falo ya ɗauka, “Allah Ya saka da alheri, Alhaji.”

Na ɗauki jakata na fita.

Wasu sun biyo ni da saƙo wai in kwantar da hankali, ai akwai hotuna, malaminta na jami'a yana da su a kwamfuta. Na gode. Ku gaya min yadda tsohuwar da ba ta gani za ta shafa hoto.

Bayan magariba ta nan, lokacin can an dawo daga maƙabarta, na kira ƙaninta na ce ya haɗa ni da Inna. Ban taɓa magana da ita ba. Ina jin hayaniyar masu gaisuwa a bayanta.

Na ce, “Inna, ya haƙuri?”

Ta ce, “Da godiya. Ke ce Hafsatun da take faɗa?”

Na ce ni ce.

Ta sa min albarka, ta daɗe tana sawa. Ta ce Saude ta gaya mata irin wahalar da nake sha a kan kayanta. Sai ta rage murya ta ce, “Kwalin nan yana nan ko?”

Na ce, “Yana nan, Inna. An ma samu mai kawowa.”

Ta ce, “Alhamdulillahi. To ki ji. Akwai wata a ciki, ta ce min wannan ba ta mutanen can ba ce, tawa ce. Ta sa ni na yi ta kwatanta mata kitson dokar da ake min ina budurwa, yadda ake tayar da ita a tsakiya, yadda ake kwantar da gefe. Ta ce in ta iso in shafa kan in gaya mata ko ta yi daidai. Yanzu ba wadda zan gaya wa, amma dai ina so in shafa. Ki naɗe min ita daban, 'yar nan, kada kitson ya guntule a hanya.”

Ban ma san da ita ba. Tana cikin waɗanda Yaya Saude ta naɗe da kanta kafin in iso. Yanzu ko an jera min su a gaba ba zan iya nuna wacce ce ba.

Na ce, “To, Inna.”

Abin da bakina ya iya ke nan.

Ya Allah, ga Saude ta zo gare Ka. Kai Ka san abin da ke zuciyarta lokacin da take murza yumɓun nan, mu ba mu sani ba. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka saka mata da alherin da ta yi wa baƙi irina a ƙasar da ba mu da kowa. Ka ba Inna haƙuri. Ka duba niyyar Hajiya Baraka Ka ba ta ladan son da ta yi, ni kuma Ka cire min wannan ɗacin daga zuciya, don ni kaɗai ba zan iya ba.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah ka tsaya ka yi mata addu'a kafin ka wuce. Waɗanda ta yi wa kitso, ku sa ta a sujada.

Ni ma ku haɗa da ni. Gobe zan sake kiran Inna, ku roƙa min Allah Ya ba ni bakin da zan gaya mata.